Birkin Beljiyom a Gujungu: abin da Baba ya sayar mini da abin da ya hana ni saya

Motata Golf 3 ce ƙirar 1995, mai inji 1.8, kuma duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na kusa da Ringim ya san ba na haɗa ta da komai. Ba haya nake yi da ita ba. Malamin firamare ne ni, ina taɓa noma, ita kuwa tun ina saurayi nake burinta. Sai dai mota a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce: yau mai naƙuda, gobe buhunan shinkafa, jibi 'yan kai amarya.

Wata Lahadi bayan girbi na taso daga kasuwar Gujungu, buhu uku a but, mutum huɗu a ciki. Hanya cike da motocin kasuwa, a taka birki, a saki, a sake takawa. Dab da magariba sai ga garken shanu ya ratso kwalta. Na taka, feda ta tafi ƙasa luɓus kamar na taka tuwo. Sai da na yi mata famfo sau biyu, na haɗa da giya, sannan motar ta tsaya, hancinta saura taku ɗaya ya taɓa wata saniya. Da na fito, ƙauri ne ke tashi daga tayoyin gaba. Har na isa gida gwiwata ba ta daina rawa ba.

Muna da 'yar majalisa, mu masu son tsofaffin motocin Jamus, inda muke musayar rim da fitila da madubi a tsakaninmu. Kayan birki ne kawai kowa ke ɗari-ɗari da na hannun ɗan'uwansa. Wani abokina mai Marsandi 190 shi ya ce in je wurin wani dattijo a bayan tasha, wanda kowa ke kira Baba. Tsohon bakanike ne, wasu kayan yana saro su daga Ƙofar Ruwa a Kano, wasu kuma masu motoci ne ke kawo masa su karɓi wani abu a madadi.

Rumfar kwano ce ƙarama da benci ɗaya. Abin da na fara lura da shi, babu ƙarfen da ke zube a ƙasa. Faifan birki suna jere a kan katako, kalifofi kuma, wato ƙarafan da ke matse faifai in an taka birki, suna rataye, na hagu da na dama a ɗaure da waya ɗaya don kada a raba su.

Ni da birkin Brembo na je a raina, irin jan nan da nake gani yana leƙowa ta cikin rim. Kamfanin Italiya ne, tun 1961 yake, kuma sunansa bai faɗi banza ba. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, da yawa daga jajayen da kake gani a titi murfi ne aka ɗora wa kalifa, ba ya ƙara wa mota kamu ko kaɗan. Na gaskiyar kuma ba zai shiga rim ɗinka ba." Ya sa aka ɗaga motar a jak, aka cire taya, ya durƙusa ya leƙa da kansa.

Faifaina mai faɗin milimita 256 ne, huji huɗu. Na Golf mai babban injin VR6 ya fi girma, amma huji biyar gare shi, sai an sauya abubuwa da yawa kafin ya zauna. Abin da ya ba ni shawara a kai shi ne na motocin Volkswagen masu injin G60, wanda ya zo a Corrado da wasu Passat: milimita 280, huji huɗu kamar nawa, da kalifar Girling 54 da mariƙinta. A motata noti biyu ne ke riƙe da mariƙin kalifa, don haka a kwance a ɗaura ne kawai. Masu ƙaramin faifai na 239 ba su da wannan sauƙin, domin nasu mariƙin haɗe yake da ƙarfen ƙafar motar. Amfanin babban faifai biyu ne: kalifa tana kamawa nesa da tsakiya, ƙarfinta ya ƙaru, sannan akwai ƙarfe mai yawa da zai sha zafi.

Wurin awon nan ne ya shiga raina. Ya ɗauko ma'auninsa mai baki biyu, ya goge gefen faifan da tsumma har rubutun da aka buga a jiki ya fito. Sabonsa kaurin milimita 22 ne, in ya sauka ƙasa da 20 ya gama aiki. Na farko da ya auna bai kai 20 ba, fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, ga 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi. Ya ajiye shi gefe ya ce na 'yan gwangwan ne. Biyun da ya ba ni sun ɗara 21. Ya ja farcensa a kansu in ji ko akwai kwari, sannan ya ɗage robar kalifa da ɗan yatsa ya nuna mini fistin, sumul, babu cin tsatsa. Ya ce kayan Turai wannan ne ciwonsu, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara.

Na ga fad, wato abin da kalifa ke mannawa a jikin faifai, na hannu masu sauran nama a cikin wani kwali, na ce ya haɗa mini da su da tiyon man birki. Ya girgiza kai. "Ƙarfe nake sayarwa na hannu. Roba da fad, sayo sababbi." Na cikin kwalin samfur ne da yake gwada girma da su. Tiyon da ya shekara talatin yana iya kumbura ta ciki ba ka gani, fad kuwa ba ka san ko ya taɓa shan mai ko ya ƙone ba.

Daga nan ya buɗe tankin man birkina, ya tsoma tsinke, ya fito da shi baƙi wuluk. Ya tambaye ni yaushe rabon da in sauya. Shekara shida motar tana hannuna, ƙari kawai nake yi. Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Irin wanda ake kira DOT 4, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'auninsa yana saukowa wajen 155. Ya tafasa, ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa feda ke tafiya ƙasa. Duk shekara biyu ya kamata a zubar a zuba sabo. Baba ya ce, "Wannan shi ya kusa kai ka cikin shanu, ba ƙanƙantar faifai ba. Ko ba ka sayi komai a nan ba, je ka zubar da shi." Mutumin da ke shirin karɓar kuɗina ne ya faɗa mini cewa gwangwani biyu na mai za su iya raba ni da matsalar. Na sayi kayan duk da haka, don ina ɗaukar kaya kuma ina son motar, amma na saya ido buɗe.

Ya karɓi tsofaffin kalifofina da rim ɗina masu inci 14 a musaya, ya ba ni masu inci 15, domin faifan 280 ba ya shiga ƙaramin rim. Cikon da na yi ya kai kuɗin buhun shanshera biyu.

Inda ban ji daɗi ba kuwa, akwai. Ba ya ragi, kuma ba ya ba da rasit. Rim ɗin da ya ce mako ɗaya sai da suka yi uku, waya kuma ba ya cika ɗagawa. Maganar sababbin tayoyi huɗu ya kamata ta fito tun farko, amma sai da ciniki ya faɗa na ankara, kuma ta girgiza mini aljihu. Babba a ciki, bayan an ɗaura na ji motar tana ja hagu, rim ɗin gefen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ashe ɗaya daga ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kai ya cije. Wanda ya auna faifai har sau biyu bai kamata wannan ya wuce shi ba. Bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne, ya sauya mini mariƙin kyauta, amma na yi asarar wata Lahadin, na kuma biya bakanike sau biyu.

Yanzu wata huɗu ke nan. Kwanakin farko na lallaɓa ta har fad ya zauna da faifai. Feda ta tsaya da tauri, kuma ko da lodi, takawa ta goma daidai take da ta farko. A kan burji dai sai da lura, domin tawa ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, taya tana saurin kullewa ta ja ƙasa, birkin baya kuma har yanzu na ganga ne, ba faifai ba.

Mai niyyar zuwa ya je da motar kanta, ba da hoto a waya ba, kuma ya isa kafin azahar, don in kasuwa ta cika ba a samun wurin kafa jak. Kafin ka bar rumfar, sa hannu ka ja kowace ƙusar kalifa ka ji tana zamewa. Lahadi mai zuwa zan raka mai 190 ɗin, shi ma tasa ta fara kuka a ƙafar dama.