Sitenles ko alminiyam: shingen baranda a bakin ruwa

Alhaji, ka ce gidan yana Lekki kusa da teku, kana neman shingen baranda da ba zai ci tsatsa ba, kuma mai walda ya ce ka zaɓa tsakanin sitenles da alminiyam. Kafin kuɗi, a fara duba gishiri. Ruwan sama ba shi ne babbar matsalar Legas ba. Iskar teku ce ke ɗauko gishiri ta manna wa ƙarfe, ko da ruwan bai taɓa shi ba.

Sitenles iri-iri ne, kuma a nan ake cutar mutane. Mai lamba 201 shi ne mai araha, a bakin teku ba ya daɗewa sai ka ga ɗigo-ɗigon ja. Lamba 304 ya isa gidan da ke bakin kogi, kamar Lakwaja ko Makurɗi, tunda ruwan ba gishiri. Amma inda kake, 316 ake so, domin an zuba masa sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke hana gishiri huda shi. A ido dukansu ƙyalli ɗaya suke yi, kuma maganaɗisu ba ya bambanta 304 da 316, saboda haka a nuna maka lambar a jikin bututun ko a takardar kaya. Ka ɗauki mai santsi kamar madubi, don gishiri yana maƙalewa a mai zane-zane.

Alminiyam mai gasasshen fenti ba ya jan tsatsa, ba shi da nauyi, kuma yawanci ya fi 316 sauƙin kuɗi. Rauninsa biyu: yana loɓawa idan aka buge shi, sannan idan noti na wani ƙarfe ya haɗu da shi cikin danshin gishiri, wurin yakan ci, ya yi farin gari. Maganinsa a sa roba a tsakaninsu.

Baƙin ƙarfe mai fenti kam ka manta da shi. Daga wurin walda yake fara ruɓewa. Katako irin iroko yana jure danshi, sai dai yana son mai a kai a kai.

Ni dai, barandar da ke fuskantar teku zan sa mata 316, ta baya kuma alminiyam. Notuna da ƙafar shingen su ma su zama 316, da roba a tsakani inda suka haɗu da alminiyam, kuma a riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo lokaci-lokaci, musamman ɓangaren da rufi ya kare daga ruwan sama, tunda ruwan ba ya kai wa can ya wanke gishirin.