Gargaɗi: mai sayar da "maganin sanyi" a intanet ya kusa illata min ƙoda

Jama'a, ban so yin wannan rubutun ba don kunya nake ji, amma gara in sha kunyar da wata ta faɗa inda na faɗa. Sau uku na tura wa mutumin nan kuɗi. Sau uku. In aka haɗa rabin albashina ne cif, kuma abin da na tsira da shi kwana huɗu ne a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu.

Zafin fitsari ne ya fara min, mara tana ciwo, bini-bini ina hanyar banɗaki, in na je kuma 'yan ɗigo ne. Ina cikin jan ƙafa kan zuwa asibiti sai na ci karo da shafinsa, yana sanye da farar riga, wai yana maganin sanyi kowane iri. Na yi masa magana ta WhatsApp. Ban gama bayani ba ya turo murya: "Hajiya, kina jin kamar fitsarin bai gama fita ba ko? Kuma da dare ya fi matsa miki?" Nan jikina ya mutu. Na ce wannan ya san aikinsa. Har yau ina sake sauraron muryar nan, ina neman inda ya kamata in gane. Ashe kusan duk mai ciwon mafitsara haka take ji, kowa zai iya haddacewa. Amma a lokacin, da ciwo a jikinki da ƙarfe biyun dare, wa zai ce miki haka? Ni ba sakarya ba ce, na yi makaranta, har na tambaye shi inda ya yi karatu ya turo min hoton wata takarda.

Kwalin farko ƙwayoyi ne a leda babu suna. Kwana biyu zafin ya lafa, fitsarina ya koma ruwan lemo jajir. Na tsorata, ya ce "dattin ne yake fita, Hajiya, ki gode wa Allah." Mai harhaɗa magunguna ta asibiti da na ba ta labari ta ce da alama phenazopyridine ne, wanda yake rage raɗaɗi ya rina fitsari, amma ko ƙwayar cuta ɗaya ba ya kashewa. Wato ciwon yana nan yana cina, ni kuwa ina sa masa albarka.

Kuɗi na biyu, a'a, na uku ne ma, shi ne na ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na biyun wai na "wankin mara" ne. Ciprofloxacin ɗin an kankare ranar ƙarewar wa'adinsa, ban lura ba sai da Yayata ta ɗaga shi a haske. Ya ce in sha in na ji zafi, in daina in na ji sauƙi. Bai taɓa tambayata ko ina da ciki ba, ko akwai maganin da jikina ba ya so. Bai ce kada in haɗa shi da madara ko maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki ba, alhali suna hana jiki ɗaukarsa. Kwana 19 ina wannan sha-da-dainawa. Rabin albashi, kwali uku, kwana 19.

Daren da zazzaɓi ya rufe ni ina rawar sanyi, gefen bayana kamar ana soka wuƙa, ga amai, na kira shi ya fi sau goma. Da safe ya toshe ni. Likita ta ce cutar ta haura ƙoda. Aka ɗauki fitsarina aka shuka a ɗakin gwaji don a gano ƙwayar cutar da ke ciki, bayan kwana uku sakamako ya nuna wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli, wadda ita ce ke jawo mafi yawan irin wannan ciwo, kuma tawa ba ta jin ciprofloxacin. Ta ce da tun farko na zo, ciwon mafitsara na mace yawanci kwana 3 zuwa 7 ne na magani kamar nitrofurantoin, a sha da abinci, shi ke nan. In ciwon ya kai ƙoda kuwa, shi ma nitrofurantoin ɗin ba ya isa can. Kwana 3 zuwa 7. Ni na yi 19, na biya sau uku.

Yayata cewa take ni na jawo wa kaina. To Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, ba ni kaɗai ake cuta ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku je a gwada fitsarin. Ku sha abin da likita ya rubuta a kan lokaci har ya ƙare, kada ku sha ragowar na wani. In kwana biyu babu sauƙi, ko zazzaɓi da ciwon gefen baya sun shigo, ko kina da ciki, asibiti kai tsaye.

Hotunan hirarmu da shaidar kuɗin guda ukun suna nan, zan saka su in na gama rufe lambata. Muryar nan ma ban goge ba, "Hajiya, kina jin kamar bai gama fita ba ko?" Ita ma zan saka ku ji.