Mamogiram ko Sikanin: Wanne Ya Dace da Ke?

Mata da yawa a ƙauyukan Jigawa suna tambaya ko mamogiram (hoton nono da ake ɗauka da na'urar X-ray) za su yi ko sikanin domin gano sankarar mama da wuri. Sikanin ya fi araha da sauƙin samu, domin irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, kuma ba ya da zafi. Mamogiram sai an je manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, ga kuɗin mota, kuma na'urar tana matse nono na ɗan lokaci, amma tana nuna ƙullutun da hannu bai ji ba tukuna. Mace mai shekara 40 zuwa sama, ko ba ta jin ciwo, mamogiram ya fi dacewa da ita. Budurwa ko mai shayarwa da ta ji ƙullutu, sikanin likita kan fara yi mata.