Tulun fure na tangaran: mai yankan hannu ko na zubi?

'Yar uwa, cikin biyun da kika tambaya, ɗauki mai yankan hannu. Ina da kowanne, kuma ko kusa ba na haɗa su.

Na hannun nawa fari ne da ɗan shuɗi-shuɗi, mai fuska takwas. Magini kan ɗaga tulun a faifan juyi, ya bar bangon da kauri da gangan. Sai yumɓun ya sha iska ya yi tauri kamar fata, sannan ya ja waya ko wuƙa daga wuya zuwa gindi, yana zare yanki bayan yanki. In hannu ya zurma ya huda bango, aiki ya ɓaci, babu gyara. Da yake yankan hannu ne, fuskokin nawa ba su zo daidai ba: wata ta fi 'yan uwanta faɗi, akwai kuma inda wayar ta ɗan karkace kusa da gindi.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne ruwan ƙyallin, wato abin da ake shafa wa tulun kafin a gasa shi don ya yi sheƙi. A wuta mai zafin wajen digiri 1,300 yakan narke ya zame daga kan kaifin da ke tsakanin fuskokin, sai kaifin ya fito fari tas, launin kuma ya taru ya yi duhu inda ya kwanta. Ranar da yayata ta fara ganin sa, bakin taga ta kai shi tana jujjuyawa, da kyar ta ajiye. Salon ma ya daɗe, maginan Koriya na zamanin daular Joseon sun yi kwalaben tangaran masu fuska takwas a ƙarni na 18.

Na zubin kuwa, to, yana riƙe ruwa da fure, ba shi da nauyi. Iyakarsa ke nan.

Amma ki yi hattara da masu sayarwa, wasu na zubi suke tallatawa da sunan aikin hannu. Ki zura yatsa ciki. Na zubi, ruwan yumɓu ake kwararawa a mazubin filasta, kaurin bangon ɗaya ne ko'ina, don haka cikinsa ma kusurwa-kusurwa ne. Na hannu cikinsa zagaye ne, sau da yawa har za ki ji sawun yatsun magini. Ki duba gefe ko akwai layin haɗi da aka goge. In ta intanet ne, ki nemi hoton ciki da na gindi. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce yana da irinsa sak da yawa, ki bar masa kayansa.