Boya BY-M1: makirufon maƙalawa a riga, me yake tsinana wa sabon mai bidiyo?

Yawancin matasan unguwannin Nima da Mamobi a Accra da suka shiga harkar bidiyo a TikTok ko Facebook, fitilar zobe suke fara saye, daga nan kuma sai tunanin canza waya. Amma abin da ke korar mai kallo da wuri shi ne murya. Mutum zai daure da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in sai ya kasa kunne kafin ya ji abin da ake faɗa, nan take zai wuce gaba. Makirufon da ke jikin waya yana nesa da bakinka da mita ɗaya ko biyu, don haka ƙarar fanka da hon ɗin turoturo (motocin haya) da lasifikar maƙwabta duk ɗaya suke da muryarka a wurinsa. Boya BY-M1 dabara guda yake yi: yana kawo makirufon kusa da baki. Yana cikin mafi araha da ake samu a shagunan kayan waya na Circle, wajen Tip Toe Lane.

A cikin kwalin akwai kan makirufo ɗan ƙarami, da maƙali na riga, da soson tare iska, da batir LR44 irin na agogo, da adafta mai kauri ta shiga manyan na'urorin sauti. Igiyar ta kai kusan mita 6, kuma a jikinta akwai ɗan bututu mai makunni. Kan da ake sokawa a waya milimita 3.5 ne mai zobe uku, irin na iyafis mai makirufo.

Wannan makunnin shi ne inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Gefe ɗaya na waya ne, ɗayan na kyamara. In da waya kake aiki, bar shi a gefen waya; a nan ba ya taɓa batir, wayar ce ke ba shi wuta. Gefen kyamara ne ke cin batir, kuma in ka manta shi a can bayan ka gama, haka zai yi ta sha har ya mutu. Sabon batir kuwa yana wurin masu gyaran agogo.

Muryar da yake ɗauka tana fita sarai, cike, ba ta yin nisa. Amma kar a ruɗe ka da cewa yana kashe hayaniya. Daga kowane ɓangare yake jin sauti. Kusancinsa da bakinka ne kawai ke sa muryarka ta danne sauran, shi ya sa wurin maƙala shi ya fi komai muhimmanci. Sa shi santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, wajen maɓalli na biyu na riga, a tsakiyar ƙirji. In ya hau wuya sosai, haɓa za ta tare sautin, muryar ta fito a toshe. In ya gangara ciki, ka koma gidan jiya.

Sai maganar tufafi, wadda masu sayarwa ba sa faɗa. Shadda mai sitaci, da zarar ka motsa kafaɗa, sai ka ji ƙaras-ƙaras a bidiyon kamar ana murza takarda. Mace mai hijabi ko mayafi ta maƙala shi ta waje, a bakin ƙyallen, kar ta cusa shi ciki, ta kuma cire sarƙar da za ta riƙa bugun sa. Igiyar a bi da ita ta cikin riga, a yi mata ɗan lauje a cikin maƙalin kafin ta sauka, domin in an ja ta, laujen ya shanye motsin kafin ya kai kan makirufo. Soson yana maganin hucin baki da iskar ɗaki, amma a bakin teku a Labadi ko a bisa bene lokacin hunturu bai isa ba, sai an ƙara masa murfi mai gashi, wanda daban ake saye.

Kafin ka biya, duba wayarka. Yawancin Tecno da Infinix da itel suna da ramin iyafis, sai sokawa kawai. iPhone kuwa tun daga na 7 a 2016 aka cire ramin, haka ma manyan wayoyin Samsung na baya-bayan nan, dole sai da adafta. Adafta mai arha sau da yawa sauti kawai take fitarwa, ba ta shigar da na makirufo, wata ma wayar ba za ta gane ta ba sam. Akwai kuma wayoyin Android da manhajar kyamararsu ke ƙin kula makirufon waje, ta ci gaba da ɗauka da na jikinta. Gwajin mai sauƙi ne: kunna bidiyo, ka ɗan ƙwanƙwasa kan Boya da farce sau uku, ka zare shi, ka saurara. In ƙwanƙwasar ta fito da ƙarfi, ya kama. In ba ta fito ba, sauke Open Camera, manhajar kyauta ce, ka shiga saitin bidiyo ka zaɓi makirufon waje. Zare shin ma wajibi ne, don muddin yana soke wayar tana zaton iyafis ne, ba za ka ji komai daga lasifika ba. Wannan shi ne babban aibinsa a ganina: ba ka da hanyar sauraren abin da kake ɗauka a lokacin. Saboda haka ka ɗauki daƙiƙa goma na gwaji kafin kowane zama.

In ka ji wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda ba ya yankewa, mai yiwuwa caja ce. Wutar Gana 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma caja maras kyau tana shigo da ƙugin nan cikin sauti. Cika batir tukuna, zare cajar, sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kira ko saƙo kar su ɓata maka aiki. Tunda an taɓo 50Hz, ita ce ma ke sa layuka su riƙa yawo a hoto ƙarƙashin wasu fitilu. A saitin kyamara, saita maganin ƙyaftawar hoto a 50Hz, ko ka ɗauka a firam 25 cikin daƙiƙa.

Ɗaki mai tayil da bango tsirara zai ba ka amsa-kuwwa ko da wane makirufo. Shimfiɗa darduma, saki labule, jingina katifa a bangon da kake fuskanta, kashe fanka na ɗan lokaci. Ranar da ruwan sama ke dukan kwano kuwa, haƙuri za ka yi. Maɓallin rage hayaniya na CapCut, manhajar gyaran bidiyo, yana taimakawa in hayaniyar kaɗan ce, in ta yi yawa muryar ce ke lalacewa.

Igiyar mita 6 tana ba mai koyar da girki ko malami mai wa'azi damar ja da baya daga kyamara, amma tana sarƙewa, kuma ta fi tsinkewa daga ciki a gindin kan sokawa. Naɗe ta a sake-sake, kar ka ɗaure ta a jikin bututun.

Mai zama wuri ɗaya yana bayani, ko mai tallan atamfa da turare daga shagonsa, wannan ya ishe shi, kuma muryarsa ta fi ta ƙananan marasa igiya masu arha fita yadda Allah ya yi ta, domin tace sautin da waɗancan suke yi ya yi yawa. Mai yawo cikin kasuwar Nima yana hira da jama'a, igiyar za ta dame shi, kuma kan makirufo ɗaya bai isar wa mutum biyu. Gara ya tara kuɗi ya sayi maras igiya mai kyau. Jabu na nan da yawa a kasuwa, farashi kuma yana bin dala, don haka ka zagaya shago biyu ko uku, ka sa a buɗe kwalin, ka yi gwajin farcen nan da wayarka a gaban mai shagon kafin ka miƙa sidinka.