Day of the Outlaw: fim ɗin kaboyi na dusar ƙanƙara da ya riƙe ni

Masu son finafinan kaboyi na da, in baku taɓa kallon Day of the Outlaw ba to ku nemo shi. Na 1959 ne, fari da baƙi, wajen awa ɗaya da rabi, kuma daga gani ka san ba'a kashe masa wani kuɗin kirki ba, garin ma gidajen katako ne 'yan ƙalilan a tsakiyar fili fetal. Amma wallahi wannan rashin kuɗin shi ya gyara fim ɗin.

Labarin a jihar Wyoming ta Amurka ne, wani ɗan ƙauye wai shi Bitters. Robert Ryan ne akto, ya fito a Blaise Starrett, mai shanu, yana cikin waɗanda suka kafa garin da bakin bindiga, yanzu kuma manoma sun zo suna kewaye gonaki da waya mai ƙaya sun tare wa shanunsa hanya. Duk wanda ya san rikicin manoma da makiyaya baya buƙatar a masa bayani anan. Sai dai fa ba wayar kaɗai ke cin sa ba, manomin da ya kawo wayar, Hal Crane, shine ke auren Helen wadda tsohuwar budurwar Starrett ce, don haka tun farko kai mai kallo ka gane akton nan ba mutumin kirki bane, kisa ya shigo gari yi kuma yana fakewa da maganar shanu.

Wajen da yafi burge ni shine a mashaya. An tsaya za'a harbi juna, Starrett yace a gangaro kwalba akan kanta, in ta faɗi ƙasa kowa ya zaro bindiga, kyamara ta bi kwalbar nan tana mirginawa tana mirginawa, kai kuma ka riƙe numfashi, kawai sai aka banko ƙofa wasu 'yan fashi suka shigo, labari ya juya gaba ɗaya. Bos ɗinsu Jack Bruhn, tsohon kyaftin ɗin soja, Burl Ives ne ya fito a shi, mutum ƙato mai gemu da murya a hankali, sun sato zinare sojoji na biye dasu, shi kuma akwai harsashi a ƙirjinsa. Ya kafa wa yaransa doka ba giya ba taɓa mata. Babu likita a garin sai likitan dabbobi, shi aka sa ya ciro harsashin, kuma ya san mutumin ba zai daɗe ba. To ka ga inda abin ya ɗaure, mutanen gari sun koma fatan kada bos ya mutu don shi kaɗai ne ke riƙe da waɗannan mahaukatan.

Akwai wajen rawa da yaran suka matsa sai da Bruhn ya yarda a kawo matan garin ayi rawa kawai. Ban taɓa ganin rawa mai tayar da hankali irin wannan ba, ana jujjuya matan da ƙarfi kyamara ma tana zagayawa ba tsayawa, babu wanda aka daka babu jini amma sai da naji raina ya ɓaci sosai.

Wanda ya bada umarni André de Toth ne, haifaffen ƙasar Hangari, ido ɗaya gare shi, kuma dama ya saba da finafinan 'yan sanda da ɓarayi masu duhun nan. Shi Ryan ma can yayi suna. Shi yasa fim ɗin ya ɗauko halinsu, kowa da laifin da yake ɓoyewa, kowa a tarko yake, ba wani jarumi mai farar hula da zai zo ya ceci jama'a. Bambancin kawai su waɗancan a lungunan birni ake yinsu cikin dare, wannan kuwa komai fari ne fat amma ƙuncin ɗaya ne. A duwatsun jihar Oregon aka ɗauka cikin sanyi na gaske, Russell Harlan ne mai ɗaukar hoto, kana ganin tururi na fita daga hancin dawakai.

Kashin ƙarshe kam sai dai a gani. Starrett yace musu ya san wata hanya ta cikin dutse da zasu kuɓuce wa sojoji, alhali babu wata hanya, so yake kawai ya janye su daga garin ko da shima zai mutu, kuma Bruhn ya gane ƙarya ce amma ya bi. Daga nan magana ta ragu, dawakai na nitsewa cikin ƙanƙara har ciki suna nishi, gaskiya na tausaya wa dabbobin nan don ba dabarar kwamfuta bace a lokacin, mutane na kashe juna saboda rabon zinare ya ƙaru. Sannan ga Tex, wanda Jack Lambert ya fito a shi, mafi mugunta a cikinsu, da gari ya waye ya ɗauki bindiga zai harbi Starrett yatsunsa sun daskare ya kasa jan kunama.

Inda bai min ba, farkon yana da surutu da yawa, maganar soyayyar Helen da Starrett tana ja, ita Tina Louise da ta fito a Helen ma ba'a bata abin yi sosai ba bayan 'yan fashin sun shigo. Soyayyar Gene, wani matashi cikin 'yan fashin, da wata 'yar garin kuma kamar an cusa ta ne don a samu ɗan sauƙi. Wanda ya saba da harbe-harbe kowane minti biyar zai iya gajiya kafin a kai wajen kwalbar, amma ya daure. Kuma a nemi kwafi mai kyau, don in hoton ya dushe farin ƙanƙarar haɗewa yake da sama ba'a gane komai, a babban allo ya kamata a kalle shi ba a waya ba.