Gargaɗi kan mai sayar da feshin dusashe danjar mota a Facebook

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin akwai wani mutum da yake tallar gwangwanin feshin da ake dusashe gilashin danjar mota da shi a Facebook da WhatsApp, yana cewa daga Amurka ake kawo masa, kuma ya karɓi naira 46,000 a hannuna ya aiko mini da baƙin fenti na gama-gari, irin wanda ake fesa wa ƙofar ƙarfe. Naira 46,000, ban da danja biyu na motata ƙirar Corolla da suka tashi daga aiki.

Kafin wani ya ce gaggawa ce ta kai ni, ina so a san cewa ni ba baƙon gyaran mota ba ne, kuma ban tura masa ko sisi ba sai da na yi masa tambayoyin da ya kamata. Na san cewa feshin gaskiya rini ne mai barin haske ya ratsa, yana ƙara duhu da kowace shafa, shi ya sa ba a so a wuce shafa biyu ko uku marasa kauri, alhali fentin gama-gari an yi shi ne domin ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya. Na tambaye shi wannan, ya amsa daidai. Ya turo mini bidiyo yana haska fitilar waya ta bayan gilashin da aka fesa, ja yana fitowa tas. Wane ne zai ga wannan ya ce ƙarya ce?

Abin da ya sa na sakankance da shi kuwa, kuma shi ne yake ta dawo mini a rai, na ce ina son gwangwani uku, sai ya turo saƙon murya yana cewa: "Alhaji, biyu sun ishe ka, kada ka ɓata kuɗinka a na uku, haƙƙi ne a kaina." Mai kaya da kansa ya rage cinikinsa, ya ambaci haƙƙi. Na saurari saƙon nan kafin in biya, na sake saurarensa bayan komai ya lalace, har yanzu ban ji inda muryarsa ta yi rawa ba. "Haƙƙi ne a kaina." Da wannan kalma ya karɓi naira 46,000, kuɗin gwangwani biyu da na ruwan ƙyalli na sama da kuɗin direban da ya kawo saƙon tasha.

Aikin kuwa na yi shi yadda ake yi, babu abin da na tsallake. Na kwance danjojin ta cikin but, na wanke su da sabulu, na jiƙa samfefa mai lamba 800 na goge su, na bi da mai lamba 2000 har ƙyallin ya dushe, domin idan gilashin yana da santsi feshin ba ya kamawa. Na share su da sifirit, ban yi amfani da tina ba, saboda gilashin danja roba ce, tina kuma tana sa ta tsattsage. Na rufe farin wajen ribas da salatif. Da yake lokacin hunturu ne, har ruwa na yayyafa a daɓen gareji domin kada ƙura ta tashi ta manne. Na riƙe gwangwanin nesa da gilashin kamar taƙi ɗaya, na fesa sama-sama, na jira kamar minti goma.

Tun a shafar farko na ga ɗigo-ɗigon baƙi maimakon duhu mai laushi, na tsaya, na kira shi nan take. A nan ne ya cuce ni karo na biyu, ya ce: "Haka yake yi, Alhaji, ƙara masa ta biyu, idan ya bushe zai washe." Tun kafin wannan ma, ranar da zan biya, na lura sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce na yayansa ne da suke shago tare, abin da kowa ya san ana yi a kasuwa. Sitikar gwangwanin kuma sai daga baya, da na ga gefenta ya ɗaga, na ɓare na tarar da tambarin fenti mai araha a ƙasa. A lokacin ya riga ya toshe lambata. Amma ranar da na kira shi yana ɗauka, har yana yi mini addu'ar a gama lafiya.

Da dare na mayar da danjojin, na sa ƙanena ya taka birki ina tsaye a baya. Babu ja, sai wani ɗan haske a gefe-gefe, siginar ma ba a ganinta. Da na hau titi haka da iyalina, tirela tana biye da ni, direbanta ba shi da yadda zai san na taka birki, ban da cewa jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna da hurumin tsayar da motar da danjarta ba ta nunawa. Mai fenti ya yi ƙoƙarin wanke su, fentin ya riga ya shige cikin kartar samfefa, abin da ya cire shi kuma ya bar gilashin da tsaga kamar saƙar gizo. Yanzu sai na nemi wasu danjojin a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗin da ya fi naira 46,000 ɗin da ya ci.

Kada ku biya kafin kaya su zo hannunku, ku ɓare gefen sitika, ku gwada a kan tsohon gilashi ku haska shi tukuna. Hoton shaidar biyan kuɗi, da hirarmu, da gwangwanin da na ɓare, da saƙon muryar nan na "haƙƙi ne a kaina", duk suna wayata, zan ɗora su da zarar na gama shigar da ƙorafi a banki. Allah ya isa tsakanina da shi.